Me za mu kira "kilawud" da Hausa?

1/ Jama'a, kalma nake nema. Jiya da la'asar a shagon gem na ƙanena a Samaru, yara suka kaure da gardama: wai in an haɗa PlayStation ko Xbox da kilawud, gem zai ƙara gudu, hoto ya ƙara kyau. Wani ƙaramin cikinsu ya juyo ya ce, "Yaya, shi kilawud ɗin mene ne?" Na buɗe baki, na rasa kalmar da zan ba shi. Abin ya tsaya min a rai har dare.

2/ Na ga masu fassara suna rubuta "gajimare" ko "girgije", domin ma'anar kalmar "cloud" ke nan a Turanci. Ban gamsu ba. Bahaushe in ya ji girgije, sama zai kalla ya fara lissafin ruwa. Alhali abin nan a ƙasa yake: manyan gine-gine ne maƙare da kwamfutoci da na'urorin sanyaya, suna shan wuta dare da rana, yawanci a wata ƙasa.

3/ Wani malamina ya ce "rumbun intanet". Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ta zauna daram in ajiya ake nufi, kamar hotuna ko matakin da ka tsaya a gem. Amma rumbu ajiya kawai yake yi, mu kuwa aiki muke magana.

4/ Ni "injin nesa" na kawo. Ku tuna kai niƙa. Gida akwai turmi, amma sai a ɗora wa yaro kwano a kai, ya je inji, ya dawo da gari. Inji ya fi turmi ƙarfi, ba musu. In tuwon dare ne aka aika tun azahar, lafiya lau. In kuwa ruwa na tafasa a tukunya kafin a tura yaron, ƙarfin injin bai amfana komai ba.

5/ Haka gem yake. Mai fitar da hoto 60 a sakan ɗaya, kowane hoto milisakan 16 da ɗoriya gare shi (milisakan dubu ne sakan ɗaya). Haske a cikin wayar faiba, wadda saƙon intanet ke bi, yana cin kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya. A ce injin yana Turai: wayar MainOne da ta bi ƙarƙashin teku daga Legas zuwa Fotugal kusan kilomita 7,000 ce, zuwa da dawowa milisakan 70 ke nan, ba a sa tafiyar Zariya zuwa Legas ba. Kafin amsa ta iso, hoto huɗu sun wuce, an riga an zura maka ƙwallo.

6/ Shi ya sa alkawarin da aka yi a 2013 na cewa kilawud zai ƙara wa gem ƙarfi bai cika yadda aka zata ba. Da Microsoft ta fito da Xbox One ta yi ta maganar saba 300,000, wato kwamfutocin nesa, da za su tallafa mata. Gem ɗin Crackdown 3, da aka nuna birni na rugujewa da lissafin injin nesa, sai 2019 ya fito, rugujewar ma ba ta kai wadda aka nuna ba. Inda abin ya yi amfani shi ne aikin da ke iya jira, kamar gem ɗin tuƙin jirgin sama Flight Simulator na 2020 da ke janyo taswirar duniya kafin jirginka ya isa wurin.

7/ To kun ga dalilin da na dage sai "nesa" ta fito a cikin kalmar. Yaron da ya ji ta zai tambayi inda injin yake, kuma nan amsar gardamarsu take.

8/ An yi min gyara: wai a Sabon Gari in ka ce inji, janareta za a ɗauka, gara "kwamfutar nesa". Gaskiya ne, ta fi fayyacewa. Ni dai "injin nesa" ta fi min sauƙi a baki, amma na bar wa dattawan harshe su zaɓa.

9/ Saura jinkirin nan tsakanin danna maɓalli da motsin ɗan wasa. Yaran shagon cewa suke "gem na jan ƙafa". A garinku me ake cewa?