Wai da gaske igiyar ruwan teku za ta iya ba mu wuta har Kano?

Mai_Walda_Kurna:
Salam jama'a, tambaya gare ni ga masana lantarki na gidan nan. Na ga wani bidiyo a Facebook ana nuna wasu injuna a cikin teku wai igiyar ruwa ce ke kaɗa su suna ba da wuta, mai bayanin har yana cewa ita ba irin sola ba ce da ke kwanciya in rana ta faɗi, teku dare da rana aiki yake. To mu da muke da bakin teku sama da kilomita 800 me ya hana a dasa su a zuba wutar a layin ƙasa mu ma ta iso mana? Wlh kuɗin dizal ne ke cinye ribar walda yanzu.

Injiniya_Sharaɗa:
Wa alaikumus salam Malam. Abin gaskiya ne, amma masu bidiyon nan ba sa faɗa maka ƙanƙantarsa. A Fotugal an buɗe tashar Aguçadoura a 2008, injuna uku na kamfanin Pelamis, duka-duka megawat 2.25, kuma 'yan watanni kaɗan aka janye su, kamfanin ma ya durƙushe a 2014. Wadda ta jure ita ce ta Mutriku a Sifen, tun 2011 take aiki a jikin katangar tare ruwa ta tashar jiragen ruwa, igiya ta shigo ta tura iska iskar ta juya farfela, amma ƙarfinta bai kai kilowat 300 ba. Kwatanta da tashar wutar ruwa ta Zungeru mai megawat 700 ka gani.

Sannan wutar igiya ba a miƙe take zuwa ba, tamkar famfon burtsatse ne na hannu, ka danna ruwa ya feso ka ɗaga ya tsaya, duk 'yan daƙiƙu ƙarfin na hawa yana sauka, alhali layinmu so yake ya zauna daram a kan hertz 50, wato saurin bugawar wutar, in ya kauce da yawa injunan tashoshi su fara kashe kansu, shi ne ka ji an ce layin ƙasa ya faɗi. Dole sai an sa batir ko wani abin da zai daidaita ta, ko a baza injuna da yawa yadda in wannan ya sauka wancan na hawa. Ga gishiri da ke cin ƙarfe, ga kebul na ƙarƙashin ruwa, gyara kuwa sai an ɗauki jirgi an jira teku ya lafa. Kuma tekunmu ba shi da tashin igiya irin na yammacin Sikotilan ko Fotugal, shi ya sa cibiyar gwajin Turai take can tsibiran Orkney na Sikotilan tun 2003.

Abu ɗaya da zan yaba mata, ana iya hasashen igiya kwanaki kafin ta iso tunda daga nesa take tasowa, masu kula da layi a Oshogbo irin wannan suke so, su san me zai shigo gobe.

Hajjaju_Zoo_Road:
Injiniya ai na taɓa karanta wata a Koriya ta Kudu mai megawat 254, ba ƙarama ba ce wannan.

Injiniya_Sharaɗa:
Hajiya waccan Sihwa ce, ita cikowa da janyewar teku take amfani da shi, madatsa aka gina, daban take da igiyar da iska ke tayarwa.

Baffa_Akanta:
Ni inda na fi tsayawa shi ne wa zai saya, kuma nawa? Tun da aka sayar da kamfanonin wuta a 2013 tsarin shi ne mai samarwa ya samar, TCN mai dakon wuta a layin ƙasa ta ɗauko, kamfanin rarrabawa ya sayar maka, hukumar kula da lantarki NERC ta yanke farashi, kuɗin kuma ba ya komawa sama cikakke, masu samarwa kullum kukan bashi suke. Babu bankin da zai ba ka rance ka dasa inji a teku sai ya ga takardar yarjejeniyar sayen wutar ta shekaru da tabbacin za a biya. Ku tuna a 2016 NBET, mai sayen wuta a sari ta gwamnati, ta sa hannu da kamfanonin sola 14, aka yi ta jan ƙafa kan farashi da garanti har maganar ta bi ruwa, sola fa kenan da kowa ya san araharta, balle igiyar teku da a Turai ma da tallafin gwamnati take tsaye. Mutanen da aka kai Band A naira 225 a 2024 suka yi ta kuka, ka ce su sayi wadda ta fi wannan tsada?

Ɗan_Fagge01:
Ku bar batun teku don Allah, wayar da za ta kawo ta fa? Oktoban 2024 ai akwai wuta a ƙasar, layin Shiroro zuwa Kaduna aka lalata, na Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya samu matsala, Arewa ta kwana da kwanaki cikin duhu, ƙanƙara ta zama sai wane da wane. Ko Legas ta cika da injunan igiya in babu hanyar zuwa tashar karɓar wuta ta Kumbotso a Kano sai dai mu gani a waya.

Mai_Walda_Kurna:
Kai, ashe da sauran rina a kaba. To Baffa babu inda za ta yi amfani a ƙasar nan kenan?

Baffa_Akanta:
Akwai, garuruwan masunta na Neja Dalta da layi bai kai ba, waɗanda ake kai wa mai a kwalekwale, su da janareta za a gwada farashin, a nan za ta iya shiga. Dokar lantarki ta 2023 ma ta ba jihohi damar tsara kasuwarsu, jihar da ke bakin teku in ta ga dama ta gwada ƙarama. Mu nan abin da ke hannunmu rana ce da madatsun ruwan Tiga da Challawa. Injin waldarka inverter ne ko tsohon mai taransifoma? Turo min ampiya nawa yake ja, Injiniya ya lissafa maka fanel da batir.