Mabiya da yawa, ciniki babu

Mai Atamfa Garwa: Jama'a, mabiyana a Facebook sun haura 5,000, amma in na ɗora hoton atamfa, shiru. Maƙwabciyata kuwa nata ba su kai 300 ba, kayanta ƙarewa suke. Mene ne sirrin?

Malama Marwa: Ɗan'uwa, a 2010 wata mai bincike, Meeyoung Cha, da abokan aikinta sun bincika Twitter, suka gano tarin mabiya ba ya tabbatar da a yaɗa maganarka.

Ɗalibin Ngaundere: Alhaji, duba su wa ke bin ta. Tun 1973 wani masanin zamantakewa, Granovetter, ya nuna sabon labari ya fi zuwa ta bakin wanda ba ku shaƙu ba. Ƙila nata mabiyan sun bazu har garuruwan Yagwa da Kuseri.

Mai Atamfa Garwa: Nawa kam 'yan unguwarmu ne, bashi suke nema.