Resista biyu a madadin ɗaya: yaushe ya dace?

Ɗan koyo, Nima: Assalamu alaikum iyayen gidana. Resista (abin nan mai rage gudun wuta) mai om 47, wat 2, ta ƙone a wata amfilifaya. Abin da ke hannuna masu om 100 ne, wat 1. In haɗa biyu a faralel (gefe da gefe), ko sai na je Zongo Lane, inda ake sayar da kayan lantarki a Accra?

Mai gyaran amfilifaya, Mamobi: Wa alaikumus salam. Haɗa su, ƙanena, ƙafa da ƙafa ta kowane gefe. In iri ɗaya ne, om yana rabuwa biyu, wat kuma ya ninka: za ka samu om 50, wat 2, don kowacce rabin wutar take ɗauka. In wurin yana son 47 daidai, ƙara ta uku mai om 820, kwatan wat ya ishe ta, zai sauko 47 da ɗan ɗoriya. Ka bar tazara tsakaninsu, ka ɗaga su daga allon kaɗan don iska ta ratsa. Amma kafin ka sa dalma, gwada taransista da kafasita na kusa. Resista ba ta cika ƙonewa haka kawai ba.

Malamin lantarki, Sabon Zango: Masta ya yi daidai. Inda ake yin ɓarna shi ne in ba iri ɗaya ba ne. Lissafin: ka ninka om ɗin ɗaya da na ɗayar, ka raba da jimlarsu. Om 100 da 220 suna ba da kusan 69, kullum ƙasa da ƙaramar. Ƙaramar ce kuma ke shan wahala. A kan bolt 12, mai om 100 tana cin wat 1.44, mai 220 kuwa 0.65 kacal. In duka masu wat 1 ne, ta farkon za ta soye, alhali kai kana ƙirga wat 2. Kowacce ka yi mata nata lissafin: bolt sau bolt, a raba da om.

Ɗan koyo: Na gode, Malam. A wutar gida ta ECG, kamfanin lantarki na Ghana, ma haka ne?

Malamin lantarki: A'a, yi hattara. Faralel zafi yake rabawa, ba bolt ba. Bolt 230 ɗin nan yana kan kowacce gaba ɗayansa, ƙananan resista kuwa suna da iyakar da suke jurewa. Can sai haɗin jere, ɗaya bayan ɗaya.

Mai gyaran amfilifaya: In za ka auna da mita, cire ƙafa ɗaya daga allon. Sauran kayan da ke gefenta su ma faralel ne da ita, sai mita ta nuna maka ƙasa da gaskiya.