Mijin wata ya shiga gabana a layin jiran gurbi, an rubuta min gargaɗi

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa, a taimaka min da shawara, raina a jagule yake. Ma'aikaciyar cikin jirgi ce ni, sabuwa. Tashar aikina New York, gidana Houston. Kafin a ce me ya kai ni: mahaifiyata na wurina, likitanta a nan yake, ta saba da maƙwabta, yayana da ya kamata ya ɗauke ta kuwa matarsa ta ce allambaran, wannan dogon labari ne. Shi ya sa nake bin jirgin kamfaninmu kyauta zuwa aiki, in an samu gurbi. Ranar Lahadi kujera ɗaya ta rage, ina tsaye bakin ƙofa da kayan aiki a jikina, sai aka kira mijin wata ma'aikaciya da ta daɗe a aiki, da gajeren wandonsa, hutu zai je. Kujerar ma'aikata mai naɗewa ma wani ya riga ni. Na makara. In kai ƙara?

Tsohon Hannu: Ƙanwata, ƙarar wa? Inda ake bin daɗewa a aiki, miji da shekarun matarsa yake hawa. Haka tsarin kamfanonin jiragen Delta da United yake. A American kuwa wanda ya riga yin rajistar tafiya, awa 24 kafin tashi, shi ne gaba. Kamfani tasha ya ba ki, zaman Houston zaɓinki ne. Jirage nawa kika tanada ranar?

'Yar Sama: Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya masu ritaya ne. Mutum ba inda zai makara, amma kullum yana filin jirgi da jakarsa.

Mai tambaya: Yaya, na ji, amma mai zuwa aiki da mai zuwa bakin teku ai ba ɗaya ba ne.

Tsohon Hannu: Ba ki amsa ni ba. Yarjejeniyar ƙungiyoyin ma'aikata da yawa da kamfanoninsu tana yafe makara in kin nuna kin yi rajistar jirage 2 da za su isa kafin lokacin aiki, kuma duka suka cika. In ɗaya kika dogara da shi, ranar Lahadi kuma, kada ki tayar da maganar nan.

Anti Mai Haƙuri: 'Yata, nemi gado a gidan haɗaka na ma'aikata a Kew Gardens, kusa da filayen jirgin JFK da LaGuardia na New York, ki riƙa zuwa tun jajibiri. Masu wannan zirga-zirga gajiya ke cin su. Binciken haɗarin jirgin kamfanin Colgan na 2009 ya nuna mataimakiyar matuƙin daga Seattle ta kwana a hanya zuwa Newark.

'Yar Sama: Haba Anti, gado bisa gado da munsharin mutanen da ba ki sani ba? Gara ta nemi canjin tasha.

Tsohon Hannu: Canjin tasha ma da daɗewa ake samu. Sabuwa ce fa.

Mai tambaya: Kwana a can ba zai yiwu ba, wa zai ba Mama magani da dare? Jirgin farkon safiya kuma ba na iya kamawa sai mai jinya ta iso. Babu wanda ya taɓa kai irin wannan ƙarar ya yi nasara ne?

'Yar Sama: Wane kamfani ne ma tukuna?