Odo na Bayeux: yaya matashi ya zama bishop?

Mai_Neman_Sani:
Jama'a, sallama. Odo ɗin nan da ake cewa ɗan'uwa ne ga Wiliyam wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ta ina suka haɗa jini? Kuma ta yaya ya hau kujerar bishop, wato babban malamin coci, na garin Bayeux a Normandi da ƙuruciyarsa?

Ɗan_Tarihi:
Uwarsu ɗaya, uba kowa da nasa. Herleva ta haifi Wiliyam ba da aure ba, ubansa shi ne Robert, mai mulkin Normandi a arewacin Faransa. Daga baya ta auri Herluin na Conteville, ta haifa masa Odo da Robert na Mortain.

Kujerar kuwa Wiliyam ne ya ɗora shi a kai, wajen 1049. Dokar coci ta ce sai mutum ya cika shekara 30, Odo ko kusa bai kai ba. Sai dai a yankin Bayeux ne manya suka yi wa Wiliyam tawaye har aka gwabza a Val-ès-Dunes a 1047, don haka yana buƙatar nasa a can. Bishop na wancan zamani ba wa'azi kaɗai ke hannunsa ba, yana da filaye da kuɗin shiga da mahaya.

Gwaggo_Littafi:
Malam Ɗan_Tarihi ya faɗi daidai. Ƙari ɗaya: a dogon ƙyallen nan na Bayeux, mai tsawon kusan mita 70, wanda aka yi wa surfanin hotunan cin Ingila, an nuna Odo a fagen Hastings, inda aka yi yaƙin 1066, riƙe da kulki. Ana yawan cewa wai don an hana malaman coci zubar da jini ne. Ban gamsu ba, domin Wiliyam ma kulki ne a hannunsa a ƙyallen. Ya fi kama da sandar shugabanci.

Alƙalami:
Taura biyu ya haɗa a baki. A 1067 aka ba shi sarautar Kent, ya zama bishop a Normandi, basarake a Ingila. Da Wiliyam ya kama shi a 1082, Odo ya ce ba mai hukunta bishop sai Paparoma. Orderic Vitalis, marubucin tarihi na wancan zamani, ya ruwaito cewa sarki ya amsa masa da cewa mai sarautar Kent ya kama, ba bishop ba. Yana tsare a Rouen har 1087, lokacin da Wiliyam ya sake shi yana kan gadon mutuwa.

Shekara na zagayowa ya yi wa Wiliyam Rufus, ɗan Wiliyam da ya gaji sarautar Ingila, tawaye, aka ci shi a Rochester, aka kore shi daga Ingila. Kent ta tafi, Bayeux ta zauna a hannunsa har ya rasu a Palermo, a tsibirin Sicily, a 1097, a hanyarsa ta zuwa yaƙin Kudus.