Fara tsaron kanti a Wudil

Ɗan Garko: Assalamu alaikum. Na kammala sakandare, kuma wani mai kantin kayan masarufi a Wudil ya ce in fara aiki ranar Juma'a, wadda ita ce ranar kasuwa. Me ya kamata in kiyaye?

Malamin Firamare: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka karɓi makulli, ku ƙirga kayan kantin tare da maigidan a gaban wanda ya tsaya maka, ku kuma yanke maganar albashi, domin yawancin rigimar yaron kanti daga nan take tasowa.

'Yar Gaya: Kada ka miƙa kaya don an nuna maka shaidar tura kuɗi a waya, sai sun shigo. Bashi kuwa, ko na kwanon gero ne, ka rubuta shi a littafi.

Ɗan Garko: Na gode, Allah Ya saka da alheri.