Bindigar wasan harbi ta farko a Kumasi: ina ya kamata ɗan kuɗin mutum ya tafi?

Nasiru, Aboabo:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na daɗe ina sha'awar wasan harbin bara, wato harbin takarda daga tazarar da aka auna, ba farauta ba, kuma yanzu na tara ɗan abin da nake ganin zai ishe ni farawa. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda 'yan wasa a Amurka suke harhaɗa bindigarsu da kansu: mutum ya sayi Ruger 10/22, wadda ake ƙerawa tun 1964 kuma take cin ƙaramin harsashin nan na .22, sannan ya canza mata bututu da ƙota da kunama, ya ɗora madubin hange daidai ƙarfin aljihunsa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa wannan harka a nan Gana ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa. Wane ɓangare ne ya cancanci a kashe masa kuɗi, wanne ne kuma mai araha zai wadatar?

Alhaji Garba, Asawase:

Wa alaikumus salam, ɗana Nasiru. Kafin masu sanin ƙarfe su amsa maka, bari in fara da abin da ya gabaci ƙarfe, domin na daɗe da lasisi a hannuna kuma na san yadda hanyar take. Abin da kake gani a Amurka dokarsu ce ta ba su, saboda a can sashe guda na bindiga, wanda yake ɗauke da lambarta, shi doka take ƙirgawa a matsayin bindiga, sauran sassan kuwa a yawancin jihohi ana sayensu kamar kayan gyara. Mu ba haka muke ba. Dokokin makamai na 1962 da na 1972 sun hana ƙera bindiga ko harhaɗa ta ba da izinin hukuma ba, shigo da ita daga waje yana bukatar takardar Ma'aikatar Cikin Gida, mallakarta kuma sai da rajista a wurin 'yan sanda, wadda ake sabuntawa kowace shekara. Akwai kuma hukumar kula da ƙananan makamai da aka kafa da dokar 2007, wadda take ta wayar da kan jama'a a kan haka. Saboda haka ka cire batun yin odar bututu ko kunama ta intanet daga ranka, kada kuma ka yarda wani ya ce zai sako maka su cikin kayan kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Tema.

Lokacin da na nemi nawa lasisin, an tambayi dalilina, an binciki halina da lafiyata, an kuma so a san inda zan ajiye ta. Ban ga wulaƙanci a cikin wannan ba, kuma mu mutanen zango mun fi kowa bukatar takardunmu su zama a tsare, don kada sha'awar mutum ɗaya ta ja wa unguwa magana. Ko bindigar iska ce za ka saya, wato wadda matsin iska yake tura harsashinta, ka fara zuwa ofishin rajistar makamai ka ji abin da suke bukata, sannan ka saya daga dillalin da yake da izini, ka karɓi rasit mai lambar bindigar. Abin da ya rage maka na zaɓi shi ne cikakkiyar bindiga ɗaya da kayan da ke tafiya tare da ita, kuma wannan ma ba ƙaramin zaɓi ba ne.

Malam Isa, Suame Magazine:

Alhaji ya faɗi gaskiya, ni kuma zan ɗora daga inda ya tsaya. Ƙanena, don harbin takarda da kuɗi kaɗan, bindigar iska mai bakin milimita 4.5 ita ce mafari, domin harsashinta gwangwani guda yana ɗauke da 500, ƙararta kaɗan ce, kuma ba ta bukatar fili mai nisa. Iri biyu ne za su zo gabanka. Akwai mai sifirin, wato nannaɗaɗɗen ƙarfe mai turawa, wadda ake karya bututunta, wato a lanƙwasa shi ƙasa a mahaɗarsa, a ɗana, kamar waɗanda Weihrauch da Diana na Jamus, da Gamo na Sifen, da Hatsan na Turkiyya suke yi. Akwai kuma mai tankin iska, wadda ake cika ta har matsin iskar ya kai 200 ko fiye a ma'aunin da ake kira "bar". Na riƙe dukansu, kuma ba na musun cewa mai tanki ta fi daɗin harbi, tunda ba ta girgiza. Sai dai farashinta bai tsaya a kanta ba, sai ka haɗa da famfon hannu na musamman, wanda a zafin Kumasi aiki ne mai fitar da gumi, kuma iskar damina da yake zuƙa cike take da laima, wadda take taruwa a cikin tanki idan famfon ba shi da matatar busarwa. Idan roba ɗaya ta ciki ta mutu, ba a kasuwar Kejetia za ka samo madadinta ba. Mai sifirin kuwa ba ta neman komai sai hannunka.

Wurin da na ga kuɗin mutane yana salwanta shi ne madubin hange. Bindiga mai sifirin tana bugawa ne sau biyu: ta ja baya lokacin da sifirin ya saki, sannan ta zabura gaba lokacin da fistin, wato ƙarfen da ke tura iskar, ya kai ƙarshen tafiyarsa. Yawancin madubai masu araha an yi su ne don bugu na baya kawai. Na farko da na ɗora a kan tawa bai daɗe ba gilashin cikinsa ya saki, har ina jin motsinsa idan na girgiza shi, kuma an kawo mini irinsa da dama a shago ana tambaya ko zan iya gyarawa, alhali ba ya gyaruwa. Idan za ka sayi madubi, ka tabbata an rubuta cewa yana jure bindigar iska mai sifirin, kuma yana da zoben da ake murzawa a daidaita gani har zuwa mita 10, domin da yawa an saita su ne a kan yadi 100, a kusa sai hoton ya dushe. Mai ƙara girma sau 4, ko mai tashi daga 3 zuwa 9, ya isa. Maɗaurin da ke riƙe shi kuwa kada ka raina shi. Saman yawancin waɗannan bindigogi yana da kwarmi mai faɗin milimita 11, ka nemi maɗauri guda mai haɗe wanda yake da ƙusar tsayarwa da ke shiga ramin da aka tanada, in ba haka ba madubin zai riƙa zamewa baya kaɗan-kaɗan, kai kuma kana zargin idonka.

Malama Rakiya, Tafo:

Malam Isa, ina girmama iliminka, amma a kan madubi ina da ja. Idan abin da Nasiru yake nufi shi ne wasan da ake yi a gasa, to a harbin bindigar iska na mita 10, wanda ya shiga wasannin Olamfik a 1984, ba a yarda da madubi mai ƙara girma ba ko kaɗan. Ana leƙawa ne ta ƙaramar huda a baya, a daidaita ta da zobe a gaba, a sa baƙin da'irar takardar a tsakiya. Ana harbi 60 a tsaye, maza da mata ɗaya tun 2018, bindigar ba ta wuce kilo 5.5, kuma ɗigon tsakiya da ke ba da maki 10 faɗinsa rabin milimita ne kacal. Ni da madubi na fara, kuma na ji daɗinsa, amma ranar da na koma saitin huda sai na ga ashe tsayuwata da numfashina ba su zauna ba, madubin ne yake sa ni fizgar kunama duk lokacin da na ga tsakiya ta gifta. Sai da na sake koyon tsayuwa daga tushe. Shawarata, ƙanena, ka ajiye kuɗin madubi tukuna, ka yi watanni da saitin ƙarfe da bindigar ta zo da shi, ka zuba abin da ka rage a kan bindiga mai kunama mai kyau.

Kunama ita ce abin da ba za ka iya sayowa daban ka liƙa ba, tunda Alhaji ya riga ya yi bayanin doka. Ka nemi mai mataki biyu, wadda za ka ja ta zo ta tsaya a wani wuri da yatsanka zai gane, sannan ɗan ƙarin matsi ya sake ta. Kunamar Rekord da ke kan bindigogin Weihrauch ta yi suna a kan haka, kuma ƙaramarsu HW30 ba ta da wuyar ɗanawa, ni da hannuna nake ɗana ta ba tare da gajiya ba. Ta fi wasu tsada, amma kunama mai tauri tana koya wa yatsa mugun hali da yake da wuyar bari.

Malam Isa, Suame Magazine:

Malama, a kan kunama ba ni da ta cewa, kin fi ni gaskiya. A kan madubi kuwa, wanda idonsa ya fara rauni kamar nawa, ko mai son harbi daga mita 25 zuwa sama, zai bukace shi. Nasiru yaro ne, yana iya jira.

Yakubu, Sabon Zango:

Ni abin da zan ƙara, yaya Nasiru, shi ne kada lambar gudun da aka buga a jikin kwali ta ruɗe ka. Bindigata ta farko irin masu ƙarfin nan ce da ake tallata cewa harsashinsu yana wuce mita 300 a daƙiƙa. Ɗana ta aiki ne, bugunta yana da yawa, kuma harsashin dalma mai siffar kugu idan ya kusanci gudun sauti, wato wajen mita 340 a daƙiƙa, sai ya fara lilo a iska, ramukan su warwatse a takarda. Bindigogin gasa na Feinwerkbau da Walther da Steyr, waɗanda suke da tsada sosai, gudunsu wajen mita 170 ne kawai, ƙarfinsu kuma kusan 7.5 a ma'aunin ƙarfi na jul. Da na gwada mai sanyin ƙarfi ta wani abokina, a ranar na ga ramukana sun matso kusa da juna, da hannun nan nawa da idon nan nawa.

Harsashi kuma shi ne abin da za ka riƙa saye har abada, don haka ka sa shi cikin lissafi tun yanzu. Don takarda a mita 10, mai shafaffen kai ake amfani da shi, mai nauyin kusan rabin giram, saboda yana yanka rami mai tsabta da za a iya ƙirga makinsa. Mai zagayayyen kai ya fi kyau idan tazara ta ƙaru. Na yi amfani da na H&N da RWS da JSB, na kuma yi amfani da marasa suna da ake samu da arha, waɗanda idan ka zuba su a tafin hannu za ka ga wasu sun lanƙwashe a gindi, wasu kuma ba su kai 'yan'uwansu girma ba. Kowane bututu yana da irin da ya fi karɓa, ko da bindigogin kamfani ɗaya ne, saboda haka ka sayi gwangwani ɗaya-ɗaya na iri biyu ko uku ka gwada kafin ka tara da yawa. Ka riƙa wanke hannu bayan harbi, musamman kafin cin abinci, domin dalma guba ce.

Baba Musa, Asokore Mampong:

Yaro, idan dillalin yana da ta hannu mai cikakkun takardu, kada ka ƙi dubawa, tawa ma haka na same ta, aka mayar da rajistar da sunana. Ka karya bututun ka girgiza shi gefe da gefe, idan yana wasa ka bar ta. Ka duba bakinsa ko ya sami rauni, ka leƙa cikinsa a haske ko akwai tsatsa. Ka kuma ɗora ta a kafaɗa ka rufe ido, sannan ka buɗe: idan idonka bai faɗa kan saiti ba sai ka miƙa wuya, ƙotar ba taka ba ce. Ƙotar roba ba ta da kyan gani kamar ta katako, amma ba ta kumbura da damina ta tsuke da hunturu, wanda shi ne yake sa sukurorin ta katako su saki.

Malam Isa, Suame Magazine:

Tunda Baba ya ambaci tsatsa, ga abubuwa biyu da suke kashe mai sifirin da wuri. Kada a harba ta babu harsashi a ciki, domin fistin zai daki bango ba tare da iskar da za ta tare shi ba. Kada kuma a ɗiga man inji a ramin da iska ke fitowa, saboda matsin yana kunna man kamar yadda injin dizal yake yi, ya ƙone robar fistin. Shi man na bayan ƙarfe ne kawai, a shafa shi da tsumma bayan kowane harbi, tunda gumin hannu a watan Yuni yana iya barin tabo kafin gari ya waye. Wajen riƙo kuma kada ka damƙe ta, ka kwantar da ita a buɗaɗɗen tafi a wuri ɗaya kullum, ka bar ta ta yi motsinta.

Alhaji Garba, Asawase:

Akwai kaya biyu da ban ji an sa a lissafi ba, kuma a wurina suna gaban madubi. Na farko akwati ko kabad mai makulli, a ajiye harsashi a wani wuri daban, domin gidajenmu na zango gidajen haya ne masu yara da yawa, kuma bindigar iska tana iya fasa ido, tana ma iya kisa. Na biyu tabarau na kariya da akwatin ƙarfe mai tare harsashi a bayan takarda, saboda dalma tana dawowa idan ta daki katako mai tauri ko bangon siminti. Tsakar gida a Aboabo ba wurin harbi ba ne, ɗana, ko da ka ga babu kowa. Idan takardunka sun fito, ka zo ka same ni da su, zan haɗa ka da waɗanda muke zuwa atisaye tare a wurin da aka amince, kuma kafin ka biya kuɗin komai za ka iya riƙe tawa da ta Malama Rakiya ka ji bambancin kunamarsu da yatsanka.